Riƙe Kwandala Lokacin Zane: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Koyo

Masu zana suna, dagi ko ƙawa a kan tsoffin sulalla ba su da yawa a jihar Kebbi, amma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, ko yaron maƙeri ne a Birnin Kebbi, ko ɗalibi ne a Yauri da ya ga aikin a waya ya ce shi ma sai ya gwada. Yawancinsu da maganar kurfi suke farawa, alhali matsalar tasu a wajen riƙo take. An jera amsoshin daga na masu farawa zuwa na waɗanda hannunsu ya soma faɗawa.

Me zai hana in danne kwandalar da yatsa kawai in yi zanena?

Kwandala ƙarama ce, ga santsi, ba ta da wurin kamawa, kuma galibi kaurinta bai kai milimita biyu ba. Shi kuwa kurfin zane tura shi ake yi gaba da ƙarfi. Da zarar bakinsa ya ci ƙarfe, ko dai kwandalar ta zille, ko shi ya kuɓuce ya ja doguwar ƙarzuna a fuskar aikin, ya ƙarasa cikin babban yatsanka na hagu.

Akwai dalili na biyu da masu koyo ba su cika lura da shi ba. A wannan sana'a hannun da ke riƙe da kurfi ba ya yawo. Dubi tela a kan kekensa: allura tana wuri ɗaya, yadin ake juyawa. Haka lanƙwasar harafi ko zagayen dagi yake fita sumul, hannun hagu ne ke juyo ƙarfen zuwa bakin kurfi. Saboda haka abin da kake nema shi ne mariƙin da zai kama kwandalar gam, ya kuma juyu cikin sauƙi, ba tare da ya bar mata tabo ba.

Doka ta yarda a yi zane a kan kuɗi?

A kan kuɗin Najeriya da ke aiki, a'a. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta lalata takardar kuɗi ko tsaba, kuma cikin abubuwan da ya lissafa har da zane da huji. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Wannan sashen ne dai ake kama masu liƙi a wajen biki da shi. Kwandalolin kwabo 50, naira 1 da naira 2 da aka fitar a 2007 har yanzu kuɗi ne a idon doka, ko da mai ƙosai ba za ta karɓa ba. Tsabar sefa da ke yawo a Kamba da Dole Kaina ita ma kuɗi ce mai rai a Nijar da Benin, ka bar ta a aljihu.

Bidiyoyin da ke jawo matasa yawanci daga Amurka suke, inda ake sassaƙa kwandalar santi biyar mai hoton ɓauna, wadda aka buga daga 1913 zuwa 1938, aikin da suke kira hobo nickel. Dokarsu ta fi mayar da hankali a kan wanda ya sauya kuɗi da nufin damfara. Tamu ba haka aka rubuta ta ba, don haka kada ka ɗauki abin da ka gani a waya a matsayin hujja.

To a kan me zan yi aiki?

Kuɗin fam da sule, waɗanda aka daina kashewa bayan shigowar naira a 1973, har yanzu suna cikin akwatunan tsofaffi da tiren masu sayar da kayan da. Na zamanin Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, su ne anini, ɗari da kwabo masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, sai taro, sisi, sule da fataka. Sulen farko-farko, daga 1913 zuwa wajen 1920, azurfa ne. Na bayansa ruwan ɗorawa ne, haɗin tagulla. Akwai kuma liyari, babbar kwandalar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda maƙeran farfaru suka daɗe suna narkarwa su yi zobe da munduwa.

Amma mai koyo bai kamata ya fara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ka sami fallen tagulla ko jan ƙarfe a wajen 'yan gwangwan, a yanka maka shi da'ira-da'ira daidai girman sule, ka goge da samfefa, ka ɓata guda ashirin ko talatin ba tare da baƙin ciki ba. Kafin kuma ka taɓa tsohuwar kwandala, duba shekararta ka tambayi masu tara irinsu. Wasu shekarun ba a buga da yawa ba, kuma layi ɗaya na kurfi ya isa ya zubar da darajarta.

Maigidana yana da bayis, abin matse ƙarfe, na kan benci a maƙera. Ba zai wadatar ba?

Shi kaɗai, ba zai yi ba. Bakin bayis ƙarfe ne mai tauri mai haƙora, azurfa da tagulla kuma laushi gare su, matsa ɗaya za ka ga shaidar haƙoran a gefen kwandalar. Ƙari a kan haka, miƙaƙƙen baki wuri biyu kacal yake taɓa abu mai da'ira. In ka matsa kaɗan ta juya, in ka matsa da yawa ta tanƙware ko ta yi tsalle ta faɗa cikin toka. Amfanin bayis shi ne ya riƙe wani abu da ke riƙe da kwandalar, wato katakon da aka yi bayaninsa a amsa ta gaba. Ko da hakan, tunda ba ya juyawa, miƙaƙƙen layi da aikin guduma ya fi dacewa da su.

Yaya ake yin mariƙin katako?

Wannan shi ne mariƙin da nake ganin kowa ya kamata ya fara da shi, kuma da yawa ba sa bukatar wuce shi. Ka sami guntun katako mai faɗin kamar santimita shida kowane gefe, kauri santimita uku. Ɗora kwandalar a tsakiya ka zagaye ta da tsinin allura, domin layin fensir ya cika kauri. Sai ka fafe cikin da'irar, ko da injin huda mai faffaɗan baki in kafinta yana da daidai girman, ko da ƙaramin kurfi a hankali. Zurfin gurbin ya tsaya a kamar kashi biyu cikin uku na kaurin kwandalar. In ta nutse gaba ɗaya, bakin katakon zai riƙa tare maka kurfi duk lokacin da ka zo gefe.

Daga nan ka ƙara kwarfe tsakiyar gurbin kaɗan, ka bar 'yar baranda siririya a kewaye, yadda gefen kwandalar ne kawai zai zauna a kan katako, hoton bayanta yana iska. Ka huda rami ya fita ta ƙasa, wanda fensir zai iya shiga, don turo ta waje in an gama. Abu na ƙarshe, ka sa zarto ka raba katakon biyu ta tsakiyar da'irar. Ɗan abin da zarton ya ci shi ne sararin matsewa: in ka haɗa ɓarin biyu a bayis ka ɗaure, sai su rungume kwandalar ta kusan duk kewayenta, ba a wuri biyu ba.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Danna gefe ɗaya da babban yatsa, in ɗaya gefen ya ɗaga, barandar ba ta daidaita ba. Ƙwanƙwasa fuskar da ƙotar kurfi, in ka ji ƙara mai kwaroro, ba ta zauna ba. In gurbin ya ɗan yi yawa, siririn tsinken takarda ko jemammiyar fatar akuya a kewaye yana cike giɓin. Kowane girma da katakonsa: na kwabo mai huji, wanda ya kusa milimita 31, ba zai riƙe sule ba. Rubuta sunan kowanne a gefensa.

Wane itace ya fi?

Busasshe, mai tauri, mai laushin tsari. Maɗaci yana da daɗin fafewa kuma ba ya yawan motsi. Kanya ma tana yi. Ƙirya, wadda maƙera suka sani ta wajen gawayi, ƙarfinta ya wuce bukata, za ta ci maka bakin kurfi kafin ka gama gurbin, amma in ka jure za ta daɗe. Farin katakon rufi da na akwatin kaya ba su da amfani a nan, bakin gurbin yana murmushewa bayan matsa uku ko huɗu. Ɗanyen itace kuwa ko na mene ne zai tsuke ya tsage da shigowar hunturu.

Mene ne wannan bayis mai kama da ƙwallo da nake gani a bidiyo? Dole ne sai da shi?

Dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi da aka raba biyu. Rabin ƙasa yana zaune a kan zobe na fata ko roba, yana karkata duk inda aka so. Rabin sama yana juyawa a kan boris, da baki biyu da ke matsowa tsakiya tare in an juya mabuɗi. A saman bakin akwai ramuka da ake soka 'yan turaku iri-iri, har da masu siffar da ta dace da gefen kwandala. Ƙananansu kilo biyu zuwa uku ne, manyan sun haura kilo goma, kuma nauyin da gangan ne: shi ke shanye turin kurfi da bugun guduma. Kamfanin GRS da ke Emporia a jihar Kansas ta Amurka na cikin waɗanda suka yi suna da shi, akwai kuma na China masu sauƙin kuɗi a intanet.

Ba dole ba ne. Yana da daɗin aiki ƙwarai, amma kuɗin saye da na kawowa Kebbi sun isa su haɗa wa mai koyo duk sauran kayansa. Ko wanda ya saya ma, turakun ƙarfen suna barin tabo a gefen azurfa in ba a sa musu fata ba, shi ya sa za ka ga gwanaye suna ɗaure mariƙin katako ko na roba a cikinsa.

Zan iya haɗa irinsa a gida?

Sosai ma. Nemi tsohon kwanon ƙarfe mai zagayayyen gindi, wanda ba ya iya zama da kansa, faɗin kamar taki ɗaya. Sayi ƙaramin bayis na injin huda, ka sa masa ƙusoshi masu noti a ramukan gindinsa, kawunansu na lilo ƙasa. Kwaɓa siminti da yashi, ka zuba cikin kwanon tare da tarkacen noti da guntayen rodi don ƙarin nauyi, sannan ka nutsa ƙusoshin ciki, bayis ɗin ya zauna a tsakiya daidai. Ka bar shi a inuwa mako guda kana yayyafa ruwa. Wasu dalma suke narkawa su zuba, ta fi nauyi, amma hayaƙinta da ƙurarta guba ne, siminti ya isa.

Mazauninsa gammo ne: a ɗinka na fata a cika da yashi, ko a naɗe tsohuwar igiya, ko a yi amfani da ƙaramar taya. A kan fata kwanon zai karkata ya kuma juya da ɗan nauyi, wanda ya ishi mai farawa. In kana son juyi mai santsi, mai walda zai iya ɗora maka faifan ƙarfe a kan boris na ƙafar babur. Sai dai boris shi kaɗai ya cika gudu, aikin zai riƙa guje wa kurfi. Sa washar fata a tsakani wadda noti ke matsewa, ka riƙa daidaita taurin juyin yadda hannunka ke so.

Kula da tsayi. In kana zaune, fuskar kwandalar ta zo wajen ƙirjinka, gwiwar hannu a sake. Wanda ya saba aiki a ƙasa kamar sauran maƙera sai ya ɗora gammon a kan kututture.

Na ji wasu manna ta suke yi da gam. Yana riƙewa kuwa?

Gam ɗin kyandir, wanda ake narkawa da 'yar bindigar lantarki, yana riƙewa fiye da yadda ake zato, kuma ya fi kowace hanya sauri. Goge bayan kwandalar da sifirit don cire maiƙo, ɗan ɗumama ta, zuba gam a kan guntun katako, ka danna ta har gam ɗin ya ɓullo ta gefe ya yi mata ƙawanya. Sanyin ƙarfe na daskarar da gam kafin ya kama, shi ya sa ɗumamawar take da muhimmanci. In babu wuta, a kan garwashi ma ana narka bakin sandar. Wajen cirewa, ɗiga sifirit a gefe, ka jira kaɗan, zai ratsa tsakani ta ɓalle fes.

Aibinsa biyu ne. Yana da ɗan taushi, in ya yi kauri a ƙasa sai ya riƙa shanye bugun guduma, layin ya fito da rawa, don haka ka danna sosai ya zama siriri. Kuma ba ya son zafi, duba amsar bazara da ta injin hannu. Sufa gulu kuwa yana kamawa da ƙarfi, amma sai an jiƙa a asiton, ruwan da ake samu a wasu ruwan goge jan farce, kafin ya saki, kuma yana shiga lungunan rubutun kwandalar ya ƙi fita.

Danƙo, kwalta, kakin zuma ko ƙaro fa? Da me mutanen da suke riƙewa?

Tsohuwar hanya a ƙasashe da dama ita ce a cika kwano da haɗin danƙon itace, garin bulo ko farar ƙasa, da ɗan kitse, a ɗumama samansa a danna aikin ciki. Danƙon ne ke kamawa, garin na ba shi jiki, kitsen na hana shi tsagewa. Fa'idarsa ita ce yana tallafe bayan ƙarfen ko'ina, shi ya sa babu kamarsa in za ka yi bugu mai zurfi ko ka turo ƙarfe daga baya. Shalak, wanda kafintoci ke jiƙawa su yi wa katako ƙyalli, shi ma ana narka shi a kan sanda a manna kwandala. Ya fi tauri, yana da kyau ga siririn zane, kuma sifirit na wanke shi, sai dai bugu mai ƙarfi na fasa shi.

Kwaltar hanya tana kamawa, amma ƙazantarta ta fi amfaninta, sai kananzir ke cire ta, da rana kuma malala take yi. In ita ce kaɗai a hannu, a haɗa ta da garin bulo mai yawa. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, tun kafin nan ya yi laushi, ba ya jure turin kurfi. Ƙaro kuwa a ruwa yake narkewa, wuta ƙona shi take yi, in ya bushe kuma ƙaramin bugu ke ɓalle shi.

Duk wanda za ka narka, da wuta kaɗan-kaɗan. Narkakken danƙo in ya ɗiga a fata liƙewa yake yi ya ci gaba da ƙuna. Ajiye kwanon ruwan sanyi kusa, ka tsoma hannun nan take.

Akwai wata roba da ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi. Ta cancanci a nema?

In ka samu, saya. Tana zuwa a matsayin 'yan ƙwayoyi farare ko sanduna. Nau'in ƙwayoyin yana laushi a ruwa mai zafin kamar digiri 60, a murza shi da hannu, in ya huce ya yi tauri. GRS na da tasu mai suna Thermo-Loc. Ana mulmula ta a kan katako ko bakin bayis, a danna kwandalar, a ɗan lanƙwaso robar ta hau gefenta. Ba ta da ƙazanta, kuma ana sake amfani da ita sau da yawa. Dabarar da ta fi ita ce a yi gurbin, tun tana da ɗumi a tsaga shi biyu da wuƙa, sai ya zama kamar mariƙin katako, ana buɗewa ana rufewa ba sai an sake dafa ruwa ba.

Da bazara gam ɗina sakewa yake yi. Mene ne mafita?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi da Argungu yana haura digiri 40, a ƙarƙashin rumfar kwano kuwa abin ya fi haka. Duk mariƙin da zafi ke narkawa zai yi laushi, kuma ba lokaci ɗaya yake saki ba. Kwandalar na matsawa ne kaɗan-kaɗan, sai ka ga harufanka sun karkace ba ka san dalili ba. A wannan lokaci koma wa katako, ko ka yi aikin gam da sassafe. In danƙo ne, ƙara masa gari.

Hunturu kuma akasin haka yake kawowa. Danƙo da shalak suna ƙara gautsi, sai an ƙara kitse kaɗan a danƙon. Katako na tsukewa, da damina ya kumbura, gurbin da ya yi daidai a Janairu zai iya daina dacewa da kwandala a Agusta. Shafa masa man gyaɗa ko kaki tun yana sabo yana rage wannan, amma kada man ya shiga cikin gurbin.

Kwabo mai huji ba sai in sa masa ƙusa ta tsakiya ba?

Ana yi, da ƙusa mai zare da washar fata a ƙarƙashin kanta. Amma ƙusa ɗaya tana hana shi tashi ne kawai, ba ta hana shi juyawa, kuma kanta na tare maka hanya in zanen ya matso ciki. Haɗa ta da gurbi marar zurfi, ko ka ɗiga gam kaɗan a ƙasa. In gam ko danƙo kaɗai za ka yi amfani da shi, toshe hujin da salatif ta baya, in ba haka ba zai ɓullo ya ɓata fuskar.

Liyari da taro mai kusurwa, su ma haka ake riƙe su?

Liyari na bukatar kulawa ta musamman. Faɗinsa ya kai milimita 40, nauyinsa gram 28, azurfarsa kashi 83 cikin ɗari, ga laushi. Abin da ake mantawa shi ne gefensa yana da rubutu da ƙawa masu tudu, ƙarfe ko busasshen itace mai tauri na iya lallatsa su. Yi masa gurbi mai ɗan yalwa ka shimfiɗa fata a kewaye, ko ka yi amfani da robar ruwan zafi. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ka: an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamanin nan, kuma akwai na jabu, auna nauyinsa kafin ka biya.

Taron 1959 mai gefe goma sha biyu ya fi sauƙi, domin miƙaƙƙun gefunansa suna zama a bakin bayis in an sa fata ko fallen jan ƙarfe. Kwandala mai ƙarfe biyu, zobe da ciki, bugu na iya fitar da cikinta, kuma mai rufi a kan baƙin ƙarfe tsatsa take yi duk inda aka yanka. Yawancin irin waɗannan ma kuɗi ne masu aiki, koma ka duba amsar doka.

Maganaɗisu ba zai riƙe ta ba?

Ba ya kama azurfa, tagulla, jan ƙarfe, ko haɗin jan ƙarfe da nikel da aka yi tsohon kwabo da shi. Wadda ya kama ma zamewa take yi in an tura ta gefe, sannan kurfin ya ɗauki maganaɗisun, ɓarɓashi ya riƙa manne masa a baki.

Da ƙaramin injin hannu nake zane, irin su Dremel. Riƙon ya bambanta?

Injin ba ya turi da ƙarfi kamar kurfi, amma yana girgiza, kuma bakinsa in ya kama gefe yana iya cilla kwandala ta tsallake ɗaki. Girgizar tana kwance ƙusa da noti a hankali, ka riƙa dubawa. Babban abin shi ne zafi: in ka daɗe a wuri ɗaya ƙarfen zai ɗau zafi ya narkar da gam daga ƙasa. Katako ya fi dacewa da injin. In gam ne, yi aiki kaɗan ka ɗaga, ka riƙa taɓa ta da jiƙaƙƙen tsumma. Tabarau wajibi ne.

Na gama fuska ɗaya, yaya zan juya ba tare da na ɓata ta ba?

Nan ne kwarfe tsakiyar gurbi ke biyan wahalarsa, domin fuskar da ka gama ba ta taɓa komai. Hure gurbin tukuna, ɓarɓashi ɗaya da ya maƙale ya isa ya yi tabo. In da gam kake aiki, liƙa salatif na takarda a fuskar da aka gama, gam ɗin ya hau kan salatif. Ka fara da fuskar da aikinta ya fi bukatar bugu, ka bar mai siririn zane daga ƙarshe.

In na juya aikin sai ya fita daga ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Me ke kawo haka?

Inda kake yankawa ba ya kan tsakiyar juyi. Riƙe fensir a tsaye cak a saman kwandalar ka juya mariƙin: wurin da bai motsa ba shi ne tsakiya. Mai amfani da gilashin goshi ba ya damuwa, kansa na bin aikin. Mai kafaffen gilashi ko madubin likita sai ya ɗora kwanon gaba ɗaya a kan faifai mai juyi da ke daidai ƙarƙashin gilashin, ya riƙa zame kwanon a kan faifan har wurin da yake yankawa ya zo tsakiya, sannan ya juya faifan maimakon kwanon.

Kurfina na yawan kuɓucewa. Laifin riƙo ne ko na kaifi?

Gwada kaifin tukuna. Ɗora tsinin a kan farcenka a karkace: in ya kama, yana da kaifi, in ya zame, koma dutsen washi. Tsinin yakan karye ɗan ƙanƙani yadda ido ba ya gani, kuma shi ne ya fi jawo kuɓucewa. In kaifi lafiya, ja layin fensir daga gefen kwandalar ya haura kan mariƙin, ka yi aiki na ɗan lokaci ka duba. Layin ya rabu, kwandalar na juyawa. Bai rabu ba amma yankan na rawa, to ko ƙasanta ya yi taushi, ko mariƙin bai da nauyi, ko bencin kansa ke girgiza.

Kowa kurfi na kuɓuce masa, har gwanaye. Abin da ke raba ƙarzuna da rauni shi ne inda hannun hagu yake. Yatsunsa su kasance ƙasa da fuskar aikin, suna riƙe da jikin kwanon, kada ɗaya ya tsaya a gaban tsini. Sukan kurfi ƙaramin baki gare shi amma yana da zurfi, a wanke da ruwa da sabulu a je asibiti a duba maganar allurar tetanus.

Bayan na cire ta, da me zan wanke ragowar abin mannawa?

Ya danganta da abin da ka sa. Gam ɗin kyandir da shalak, sifirit. Sufa gulu, asiton, wanda ake samu a wasu ruwan goge jan farce. Kwalta da danƙo, kananzir, sannan ruwan ɗumi da sabulu. Robar ruwan zafi, ka dangwala wani dunƙulenta mai ɗumi a kai, zai kwashe guntayen. Sifirit, asiton da kananzir duk suna kama wuta, ka matsa nesa da murhun maƙera. Abin da ya maƙale a cikin layukan zane ka tono shi da tsinken sakace ko tsohon buroshin haƙori, kada ka sa allura ko wuƙa. Kada kuma ka ƙona ragowar a wuta don sauri, zafin zai canza launin ƙarfen ya kuma sassauta taurinsa, sai ka sake gogewa, gugar kuma tana cinye kaifin layukan da ka yanka.